Dainamon tsohuwar Massey ta Baba: littafin aiki

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Yau muka yaye buhunan da aka lulluɓe taraktar Baba da su. Shekara uku ke nan tana tsugune a gindin darbejiyar bayan gida, tun rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Kaji sun mai da ƙarƙashin kujerar akurki, zanzaro kuma ya yi gininsa a jikin lagireto har hawa biyu.

Massey Ferguson 35 ce mai silinda uku. A 1959 aka fara sa wa wannan samfurin injin Perkins a masana'antar Coventry ta Ingila, bayan an bar mai silinda huɗun nan da ya yi ƙaurin suna wajen wuyar tashi da sanyi. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba ma ta hannu ya saye ta, ya yi shekaru yana kwasar auduga da masara da ita a ƙauyukan Funtuwa.

Inji ba shi ne damuwata ba. Mun juye tsohon gas, mun canza baƙin mai, mun fitar da iska daga famfo, muka ɗaure ta da igiya a bayan motar maƙwabci. Ba a kai bakin masallaci ba ta yi tari biyu ta kama. Abin da na sa a gaba shi ne caji. Tun ina yaro ban taɓa ganin taraktar nan ta yi mako guda tana tashi da makulli ba. A kan gangare Baba yake kwana da ita, hanci ƙasa, da dutse a gaban taya. Da asuba a janye dutse, ta gangara, ya saki kuloci. Inda babu gangare kuwa, mu ne gangaren.

Abin da ya sa aka iya zama da ita a haka shi ne, injin gas irin wannan in ya riga ya tashi babu ruwansa da wuta. Ba filogi, ba kwayil, famfon mai da juyin inji yake aiki, kashe shi ma maɓalli ake ja a datse masa mai. Batir aikinsa kik da fitila kawai. Tunda ana noma ana dako, sai aka yi ta cewa maganar caji sai gobe, har goben ta kai shekara talatin.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kada ka wahalar da kanka. A cire wannan tulun a sa altaneta ta mota, yini ɗaya an gama." Ba ƙarya ya yi ba, haka kowa ke yi yanzu. Ni dai ina son in san abin da ya hana shi aiki kafin in yanke masa hukunci. Mun yi da shi in ruwan farko ya sauka allurar caji ba ta daidaita ba, na sallama.

Takardun Amurka janareta suke kiran wannan na'ura mai cajin batir, na Ingila kuma dainamo. Mu nan in ka ce janareta sai a zaci na ba da wutar gida kake nufi, don haka dainamo zan riƙa cewa, yadda tsofaffin direbobi ke faɗi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Yau kallo na yi da awo, ban buɗe komai ba.

Na aro batirin motar ƙanena. A zaune mita ta nuna bolt 12.5. Na ta da inji da makulli, kik ɗin ya juya lafiya lau, na ja totur har mata suka leƙo daga cikin gida. Mita tana nan a 12.5, ko gezau. Inda ana caji, da ta haura ta zauna tsakanin 13.5 da 14.5.

Fambel ya saki, ya yi santsi yana ƙyalli, ya nutse har gindin fuli. Da inji a kashe na kama fulin dainamo da hannu na juya shi, ya zame a cikin fambel ɗin kamar ba a ɗaure ba. Na matse, na sake awo. Babu canji. Zan sayi sabo duk da haka, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da ya tsayar da ni yau shi ne kan wayar batir. Kowa ya san kan fositif na batir ya fi na negetif kauri. To bakin wayar da ke komawa jikin ƙarfen tarakta mai faɗi ne, irin na fositif, wani ya naɗa guntun gwangwanin kifi a cikinsa don ya kama siririn kan negetif. Ɗaya wayar kuma an buɗe bakinta da ƙarfi har ya tsage. Na kashe inji na kunna fitilar gaba guda ɗaya da ta rage: allurar mitar caji ta karkata ɓangaren ƙari, wato tana cewa ana caji, alhali batir ake zuƙa.

Ashe an taɓa juya batir. Yawancin motoci da taraktocin Ingila na wancan zamani fositif ne ke haɗe da jikin ƙarfe, akasin na yanzu. Wani bawan Allah ya zo ya ga abin a juye, ya "gyara". Kuma ba za a gane ba, domin kik irin wannan ko ta ina ka ba shi wuta gefe ɗaya yake juyawa, fitila ma ba ta damu ba. Dainamo da akwatin da ke daidaita cajinsa su kaɗai suka san an yi musu gyaran gangar Auzinawa.

Na yanke shawarar barin negetif a jiki kamar yadda na tarar, saboda fitilun zamani da cajar waya duk haka suke so. Na musanya wayoyi biyun bayan mitar caji, yanzu ta daina ƙarya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na wanke jikin dainamo da fetur da tsohon buroshin haƙori. Na Lucas ne, kamfanin Birmingham. An buga C40 a jikinsa, da wani harafi a gaba da tsatsa ta cinye. Baki biyu gare shi a baya: babba D, nan wuta ke fita, ƙarami F, nan ake ciyar da naɗin da ke yin maganaɗisu. Akwatin da ke ƙarƙashin dashbod, wanda wasu ke ce wa katawut wasu regileta, RB108 ne, bakinsa huɗu, A da F da D da E.

Na samo mita mai allura wajen wani mai gyaran rediyo. Ta lambobi ba ta jituwa da irin wannan aikin, domin bakin regileta kaɗawa yake yi da sauri, sai lambobin su yi ta tsalle ka rasa wanda za ka kama.

Gwajin farko: na zare wayoyin D da F duka, na sa mita tsakanin D da jiki, na ta da inji na ɗan ja totur. Lafiyayyen dainamo ko ba a ciyar da F ba yana ba da bolt 2 zuwa 4. Nawa da ƙyar allura ta ɗaga daga kan sifili.

Nan ne bambancinsa da altaneta. Dainamo da kansa yake kunna kansa. Akwai ɗan ragowar maganaɗisu da ke maƙale a ƙarafan cikinsa, kamar garwashin da ake binnewa a toka da dare don hura wutar safe. Da ya fara juyawa, wannan ɗan ragowar ya haifi 'yar wuta, 'yar wutar ta bi ta F ta ƙara maganaɗisun, ƙarin ya haifi ƙari, har ya kai. In garwashin ya mutu saboda dogon zama, ko ka yini kana juyi a banza. Kuma ragowar tana da fuska: ta tuna gefen da aka saba. In batir ya juya ita ba ta juya ba, duk lokacin da katawut ya haɗa su, faɗa ne, kuma bakin katawut ne ke shan ƙuna.

Maganin bai kai daƙiƙa biyu ba. Na ɗauki waya daga fositif na batir, inji a kashe, F a zare, na ɗan kartar da ita a bakin F na dainamo sau biyu. Ɗan tartsatsi shuɗi ya fito. Shi ke nan. Amma a kula, wannan na Lucas ne, wanda ɗaya ƙarshen naɗin nasa yake haɗe da jiki daga ciki. Yawancin na Delco da ke kan taraktocin Amurka ba haka aka naɗa su ba, su ta bakin fitar wuta ake kartawa. Wanda ya yi wa wannan irin na wancan yana iya ƙona regileta.

Bayan kartawa D ya ba da kamar bolt ɗaya, yana rawa. Gwaji na biyu: na haɗa D da F da guntuwar waya, mita a tsakaninsu da jiki, totur a hankali. Ya kamata allura ta tashi tsaye ba gargada, kai ne ma za ka sassauta kada ta wuce 20. Tawa ta hau 8, ta faɗo 3, ta koma 9, ta faɗo. Na auna naɗin F da jiki, om 6 da ɗan ɗoriya, daidai yadda ake so. To naɗin lafiya yake. Ciwon yana wajen gawayi.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na sauke shi bayan la'asar, na shimfiɗa tsohon buhu a zaure. Dogayen kusoshi biyu ne ke riƙe da shi daga baya zuwa gaba. Da na zare su murfin baya ya fito, wani baƙin abu kamar kwalli da aka kwaɓa da man shanu ya zubo mini a cinya.

A tsakiyar murfin baya akwai ƙaramin rami da aka yi don a riƙa ɗiga baƙin mai, ɗigo biyu ko uku, ya jiƙa bushin. Wani ya ga rami ya ɗura masa giris har ya ƙoshi. Giris ya narke da zafi, ya haɗu da garin gawayi da ƙura, ya zama laka. Gawayi biyu ne, masu riwaya burosh suke ce musu. Ɗaya ya cinye bai kai milimita 6 ba, sifirin ɗin da ke danna shi ya riga ya kwanta a kan gidansa, ba ya danna komai. Ɗayan da saura, amma ya maƙale a gidansa, sai da na tura shi da sukudireba ya fito. Wato shekara da shekaru dainamon nan yana juyi gawayinsa na taɓa tagulla in ya ga dama.

Zoben tagullar da gawayin ke gogawa, kwamiteta, ya yi baƙi ƙirin, da kwari a tsakiya inda aka daɗe ana ci. Na bi shi da farce, maikar da ke raba tsagin tagulla da ɗan'uwansa ta fito daidai da saman tagullar, a wasu wuraren ma ta ɗara. Tagulla ta fi maika saurin ci, don haka a kwana a tashi maika ke tsayawa sama, gawayi ya riƙa tsalle a kanta. Ga dalilin rawar allura.

Kawu ya shigo ya same ni hannu dumu-dumu. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, giris ɗin nan ni na sa shi. Shekarar da aka yi fari." Ya faɗa da alfahari. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Kawu, ai ya riƙe."

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mai injin gyaran ƙarfe ya ɗan shafe saman kwamiteta har kwarin ya ɓace. Na roƙe shi kada ya ci da yawa, tagullar ba ta da kaurin da za a yi wasa da shi.

Sauran aikin na haƙuri ne. Na karya tsohon bakin zarton ƙarfe, na goge gefensa a dutse har kaurinsa ya yi daidai da tsagin, na naɗa tsumma a gindi. Tsagi bayan tsagi na bi ina rage maika, zurfin bai kai milimita ɗaya ba, a kwance, ba mai tsini ba. Daga azahar har kiran magariba. Sannan samfefa mai laushi, ta gilashi, ba baƙar nan ta goge ƙarfe ba, domin wutar lantarki na bi ta cikin garinta, in ya shiga tsagi ya haɗa abin da aka raba.

Boris na gaba lafiya. Bushin na baya ya yi lakwaf, na sayi sabo na jefa shi a gwangwanin baƙin mai. Tagullarsa mai shan mai ce, sai ya kwana ya yini a ciki kafin a sa.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na haɗa shi da sabon gawayi. Kafin in ɗora, na gwada shi a ƙasa: D da F a haɗe, negetif a jiki, fositif a kansu. Ya juya da kansa sumul, gefen da inji ke juya shi. Yaran gida suka yi ihu kamar an ci ƙwallo.

A kan tarakta da sabon fambel, D shi kaɗai ya ba da bolt 3. Da na haɗa shi da F allura ta miƙe, kafin in ankara ta kusa 20, na sassauta. Dainamo ya dawo.

Na mai da wayoyi wurinsu, na ta da inji. Mitar caji shiru.

Akwati ke nan. An taɓa ɓalle murfinsa, kunnuwan duk a lanƙwashe. A ciki naɗi biyu ne kamar zaren keken ɗinki. Ɗaya katawut: ƙofa ce tsakanin dainamo da batir, ba ta rufe baki sai wutar dainamo ta kai wajen bolt 13, kuma da juyi ya ragu sai ta saki, don kada batir ya juyo da wutarsa cikin dainamo. Ɗayan regileta: ita ke datse abincin F tana saki, tana datsewa tana saki, don kada wuta ta wuce kima. Bakin katawut ya ƙone ya yi ƙuraje, shaidar faɗan da na ambata. Wayar E kuma, wadda ke kai akwatin jiki, a kan fenti da tsatsa aka ɗaure ta. Na kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, na goge bakunan. Katawut ya fara rufewa, ƙas, ana ji. Amma naɗin regileta ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko na danna ko na saki wuta ba ta sauya ba. Wannan ya gama yawo.

Asabar, 2 ga Maris

Na sayo sabon akwati a wani shago. Haruffan bakinsa iri ɗaya da na tsohon. Na tambayi mai shagon ko zai dace, ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, sha biyu ne ai." Na ɗaura, na ta da inji, allura ta tafi can kusa da 20 ta tsaya. Batir 14.1. Na kira ƙanena a waya na kara masa ita a jikin inji, kamar caji abin ji ne.

Na sayi nawa batirin, na hannu, na mayar masa da nasa.

Asabar, 23 ga Maris

Murna ta koma ciki.

Tun da azumi ya kama ranar 11 ga wata muka koma dakon yashi da dare, bayan asham, saboda zafin rana. Na ɗaura fitilu uku na mota, biyu gaba ɗaya baya, kowace wat 55. Dare biyar lafiya. A na shida, muna dawowa daga rafi, na ji wari kamar ana ƙona roba. Allura ta faɗo ƙasa da sifili ta zauna. Na kai hannu jikin dainamo na janye da sauri, ko tofa masa yawu ka yi sai ya yi cuu.

Da safe na buɗe. A cikin murfi, daidai saitin inda wayoyin amaca, wato naɗin da ke juyawa a ciki, ke haɗuwa da kwamiteta, an yi zobe na ƙananan ɗigo masu ƙyalli kamar an watsa azurfa. Dalma ce ta narke, juyi ya fesar da ita. Wayoyi uku sun ɗago daga mazauninsu.

Ƙanena bai ce komai ba. Da aka sha ruwa sai ya ajiye wata altaneta a kan tabarma kusa da kwanon kunu, ya ci gaba da cin ƙosansa.

Asabar, 13 ga Afrilu

Bayan salla na sa dainamo a buhu na shiga motar Kano. An kwatanta mini wani tsohon mai riwaya a wajen Ƙofar Ruwa da ya yi zamani da manyan motocin Ingila. Rumfarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Na gaishe shi na ce, "Baba, ku duba mini wannan, na gyara shi ya ƙone." Bai buɗe ba. Ya juya shi a hannu, ya leƙa gaba ya leƙa baya, ya ɗauki samfefa ya goge inda tsatsa ta ci harafin nan. A ne. C40A.

Ya ce, "Malam, ka ga taga a jikinsa?"

Babu. Murfin gaba da na baya duk a toshe suke. Ya jawo wani daga ƙarƙashin benci, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, amma shi da ramuka gaba da baya da fanka a bayan fuli. Wannan na mota ne, iska na ratsa shi, yana iya ba da amfiya 22. Nawa an toshe shi da gangan saboda ƙura da ƙaiƙayin gona, kuma abin da aka toshe ba ya shan iska, don haka rabin wancan kawai aka yarda ya bayar, wajen 11. Akwatin kowanne da nasa: a kan naɗin regileta akwai 'yan zagaye na waya mai kauri da duk cajin ke bi, su ke sa ta ja da baya in kaya ya yi yawa. Na ƙaramin yana ja da baya da wuri. Na babban yana barin ƙofa a buɗe. Ni na sayo na babban, na ɗora wa ƙaramin.

Ya tambaye ni fitila nawa na sa. Na faɗa. Ya yi lissafi da yatsa a kan ƙurar benci: wat 55 a bolt 12, amfiya huɗu da rabi da 'yan kai, sau uku ya kusa 14. Ga batir na hannu mai yunwa yana neman nasa. Ya ce, "Jaki ka ɗora wa kayan raƙumi, kuma ka cire masa mai cewa ya isa." Wato ranar da na ga allura a 20 ina kiran waya, ranar ya kamata in kashe inji.

Ya ɗora amaca a kan wata na'ura mai gurnani, ya riƙa juya ta yana bin samanta da bakin zarto. In akwai naɗin da ya haɗe daga ciki, zarton zai yi ta kakkarwa a kansa. Bai yi ba. Allah Ya taimake ni, dalma ce kawai ta gudu, naɗin bai ƙone ba. Ya mai da wayoyin ya like su ɗaya bayan ɗaya da babban ƙarfen dalma da yake zafafawa a kan gawayin girki. Sannan ya aiki yaronsa cikin kasuwa, bayan kusan awa guda ya dawo da tsohon akwati RB108 da aka ciro daga wata matacciyar tarakta, murfinsa ya yi tsatsa, cikinsa kamar jiya aka yi shi.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na ɗaura komai, na sake kartar F don kada a yi sake. Saitin da tsohon ya koya mini: a tura guntun kwali tsakanin bakin katawut don a ware batir, a sa mita tsakanin D da E, a ja totur. Allura za ta hau ta ɗan yi rawa ta tsaya, nan ne regileta ta fara aiki. Wajen bolt 16 ake so a haka, ba tare da kaya ba. In an haɗa batir sai ta sauko inda ya dace. Kuma a yi shi cikin rabin minti, in naɗin ya ɗumama awon ƙarya zai ba ka. Ta tsaya a 15.9. Da zafin Afrilu na bar ta a nan, ban taɓa noti ba. Katawut ya rufe a 13.

Saura kaɗan a yi ɓarna. Na kashe inji na juya ina neman murfi, ɗan ƙanena mai shekara goma ya kai yatsa ya danna bakin katawut don ya ji ƙas ɗin nan. Ya manne bai saki ba, allura ta faɗi can ƙarshen ragi, fambel ya fara ƙara, dainamo na neman juya inji. Na fizge kan batir. Da inji a kashe in aka rufe bakin nan da hannu, wutar batir ce ke kwarara cikin amaca, kuma ita ke ƙara riƙe shi. Daƙiƙa uku ne ko huɗu, waya ta yi ɗumi kawai. Yaron ya fi ni tsorata. Na bar shi ya riƙe mini fitila har muka rufe akwatin.

Fitilun mota na cire su. Na sa na LED uku masu wat 18, duka ukun ba su fi cin tsohuwa guda ɗaya ba.

Da an tashi allura tana zuwa wajen 10, bayan kwata na awa ta sauko 3 ko 4. Bayan aikin awa biyu na ɗora tafin hannu a jikin dainamo na ƙirga goma ban janye ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Sati biyu lafiya, sai wani sabon salo. A kan kwalta tana caji, da an sauka hanyar gona allura ta riƙa faɗuwa tana tashi. Zuciyata ta tafi kan dalma. Kafin in kwance komai na bar inji yana aiki a tsaye, na bi wayoyi ina girgiza su ɗaya-ɗaya. Da na taɓa siririyar wayar F, daidai inda ta lanƙwasa ta bayan inji, allura ta faɗi. Na saki, ta tashi. Rigar wayar lafiya daga waje, da na yanka ta sai ga zare biyu kacal ke riƙe, sauran sun karye sun yi kore. Na ja sababbin wayoyi na D da F tun daga dainamo har akwati, ta D mai kauri, na ɗaure su nesa da bututun hayaƙi. Da tun ranar farko na yi wannan.

Asabar, 18 ga Mayu

An yi ruwa daren Alhamis, mai kyau, ƙasa ta jiƙu. Jiya da yau taki muka kwasa zuwa gona, sawu bakwai. A fili na kwana da ita, ba gangare, ba dutse. Da safe batir 12.6, na sa ƙaramin giya a kan S, inda ake sa shi kafin a yi kik, na murɗa makulli, juyi ɗaya ta kama. Kawu yana zaune a dakali ya ce tun yana da baƙin gashi rabonsa da jin kik ɗin nan da asuba.

Ɗigo biyu na baƙin mai na sa a ramin baya, na rubuta ranar a bangon zaure da gawayin da na cire. Altaneta tana nan a kan taga, ƙanena bai ɗauke ba, ni ma ban ce ya ɗauke ba. A sawu na ƙarshe na lura hannun ɗaga garma yana sauka da kansa in an kashe inji, kuma akwai ɗigon mai a ƙarƙashin akwatin giya. Ranar Litinin zan buɗe murfin gefe in leƙa.